Karan Dawa a Ramin Fulogi

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Dutse da takardar digiri a fannin injiniya, da wata 'yar na'urar duba mota da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Aikin ofis bai samu ba. Na kai takardu wurare da dama, wasu sun karɓa, wasu sun ce in dinga leƙowa. Ƙauyenmu yana gefen Buji, amma na kasa komawa can in zauna, don mahaifiyata ta riga ta gaya wa kowa ɗanta injiniya ne a birni. Sai na kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya da yawancin mazaunansa ma'aikata ne, masu fita da safe su kuma tafi garuruwansu ran Juma'a.

Kawuna, wanda tsohon direba ne, shi ya kai ni wurin wani dattijon bakanike mai gareji a bakin hanya, ya roƙe shi ya bar ni in dinga zama. Kowa a garejin Oga yake ce masa, ni kuwa Baba nake cewa, saboda sa'an kawuna ne. Ya dube ni, ya dubi na'urar, ya nuna mini wani benci a gindin darbejiya ya ce, "Ga wuri nan. In mota ta kunna wutar gargaɗi a dashbod za a kira ka." Iyakar yarjejeniyar ke nan, kuma na san da bakin da ya ba ni bencin, da shi zai iya karɓewa. An ba ni labarin wani mai gyaran giyar mota da ya taɓa zama a wurin, ya musa wa Baba magana a gaban mai mota. Ba a yi faɗa ba. Washegari dai ya tarar an fito masa da akwatin kayansa bakin titi.

Ban san yadda zan bayyana abin da bencin nan ya zame mini ba tare da ya zama kamar na cika baki ba. Katako ne guda uku da ƙusa. Amma a duk faɗin Dutse, nan ne kaɗai wurin da in ban zo ba wani zai ce, "Yau ina mai kwamfuta?" A gidan haya ina jin zan iya kwana uku a ɗaki ba wanda ya lura. A garejin ma ban zama ɗan gida ba. Hannuna ba ya baƙi kamar nasu, hirarsu ta motocin da suka gyara tun ban shiga firamare ba ce, kuma in an kawo kwanon shinkafa da wake da rana sukan ce mini bismilla, ni kuma in ce alhamdu lillahi, don ban taɓa gane ko tayin gaske ba ne ko na al'ada. Sai in zagaya wurin mai abinci in ci ni kaɗai, in dawo.

Ina da wani hali kuma da ya ƙara nisanta ni da su. Ba na iya faɗin abu kai tsaye. In na jona na'ura ta ba ni lamba, sai in fara jero duk abin da zai iya jawo ta, don a makaranta an koya mana lamba tana nuna unguwar da matsala take ne kawai, gidan kai za ka nemo. Mai wayarin na garejin, wato mai gyaran wayoyin lantarkin mota, wani mutum mai barkwanci da ya girme ni da shekara goma ko fiye, shi ya raɗa mini Malam Wataƙila. "Malam Wataƙila, an kira salla, wataƙila azahar ce, wataƙila la'asar." A yi dariya, ni ma in yi.

Motar da nake son in ba da labarinta ta wani direba ce ɗan Ringim, doguwar mota mai buɗaɗɗen baya da yake ɗauko fasinja da kwandunan tumatir da attaruhu. In ban manta ba farkon damina ne, don na tuna ƙasan garejin ta yi laushi, jak yana nutsewa sai an sa masa katako. Makonni kaɗan kafin nan Baba da kansa ya canza mata bel ɗin taimin. Sai ga direban ya dawo yana ƙorafi: da safe sai ta daɗe tana gurnani kafin ta tashi, in ya ɗauko kaya ba ta da ƙarfin hawa, ga kuma wutar injin a kunne a dashbod.

Na jona na'ura. Lamba ɗaya ta fito, wadda ma'anarta ita ce kamshaf da karanshaf ba su daidaita ba.

Yadda na fahimci abin tun ina ɗalibi, da lugude na fahimce shi. A gidanmu in mata biyu suna daka a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya wannan ta sauke, ba mai jiran wata kuma ba mai riga wata. Haka cikin inji yake. Karanshaf a ƙasa yana kai fistin sama da ƙasa, kamshaf a sama yana buɗe bawul yana rufewa, bel ɗin taimin ne ya haɗa su don kowa ya yi nasa a kan lokaci. Kowannensu yana da sensa da ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar inda ya kai a juyinsa. In labarin biyun ya saɓa, sai ta kunna wuta. Ba ta san wanda ya yi kuskure ba, ta dai ji sautin dakan ya canza.

Baba ya ce, "Injiniya, me ta ce?"

Na ce, "To, Baba, tana iya yiwuwa sensa ce, ta sama ko ta ƙasa. Wataƙila kuma waya ce ta goge. Ko kuma, ban dai tabbata ba, wani lokaci taimin ɗin ne yake ɗan..."

"Taimin ni na ɗaura shi."

"Haka ne, Baba."

"To sensa ce. A sayo sensa."

Ni na jera sensa a farko, kuma na san dalilin da ya sa na jera ta a farko. Aka sa sabuwar sensar kamshaf, na goge lambar, wuta ta mutu, direba ya tafi yana sa albarka. Kwana biyu ya dawo da wutarsa. Aka canza ta karanshaf. Ya sake dawowa, wannan karon da fasinja a ciki, wata tsohuwa tana ta tambayar ko nan ne tasha.

Direban ya leƙo ta taga ya ce, "Injiniya, anya kwamfutar nan taka tana karyawa da safe kuwa? Ko in dinga taho mata da ƙosai daga Ringim?"

Mai wayarin ya ce, "Ba yunwa ba ce, Alhaji, Turanci take ji, motarka kuma Bahaushiya ce."

Duk da barkwancinsa, mai wayarin mutum ne mai tsabtar aiki. Ya bi wayoyin sensa biyun tun daga soket har ƙwaƙwalwa, bai sami inda ta goge ko ta karye ba. Baba kuma, ba tare da kowa ya ce masa komai ba, ya kwance murfin taimin, ya juya injin da sifana har alamomin suka hau, ya kira ni. "Zo ka gani da idonka, tunda ku sai an nuna muku a takarda." Na durƙusa na duba. Alamar kamshaf tana kan tata, alamar ƙaramin giyan da ke bakin karanshaf tana kan tata. Ko haƙori ɗaya bel bai tsallake ba. Na ce, "Daidai yake, Baba," kuma gaskiya na faɗa. Sai dai a nan durƙushen na ga wani abu da ban ambata ba: wani jan gari kamar dakakken barkono a kewayen babban notin da ya ɗaure fuli, wato faifan da ke juya bel ɗin fanka, da giyan a bakin karanshaf. Na sa yatsa na shafa, na goge a wandona.

Shawara ta tsaya a kan cewa ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, ran Litinin za a aika Kano a nemo wata. Da direban ya ji haka bai yi barkwanci ba. Ya bar motar ya hau ta haya ya koma gida. Ranar Alhamis ce.

Ran Juma'a ba a buɗe garejin. Bayan an sauko daga masallaci na koma ɗaki, gidan ya yi tsit, duk ƙofofi da kwaɗo. Na zauna a tabarma na buɗe littafin injin irin motar a wayata ina bi shafi shafi, ba don ina tsammanin wani abu ba, don dai ba ni da abin yi. A nan na ga zanen da ya nuna inda sensar karanshaf take. A wannan injin ba a gaba take ba wajen bel. Tana can baya kusa da giyabos, tana karanta haƙoran fulawil, wani babban faifan ƙarfe wanda yake ɗaure da jikin karanshaf ɗin kansa. Alamar da muka duba kuwa a kan ƙaramin giyan gaba take. Abin da ya hana giyan nan zamewa a kan karanshaf wani ɗan ƙarfe ne mai siffar rabin wata, da ke zaune cikin tsaga, bakanikai suna ce masa ki. In noti ya yi sako-sako, giyan ya dinga ɗan motsi, ki ɗin yana cinyewa a hankali yana fitar da jan gari. Giyan sai ya zame da alamarsa, ya ja kamshaf su tafi tare. Duk wanda ya duba alamomi zai ga sun hau daidai, alhali karanshaf ɗin yana wani wuri daban.

Na ajiye wayar. Na tashi na fita, na bi hanyar da ta yi wajen duwatsu inda itatuwan dabino suke, na yi ta tafiya har aka kira la'asar. Ban ji daɗin da ya kamata mai gano abu ya ji ba. Tsoro na ji. In na yi shiru, za a sayo ƙwaƙwalwa, wutar ta dawo, kuma ki ɗin in ya ƙarasa yankewa a hanya fistin zai iya dukan bawul, motar mutumin ta mutu da fasinja a tsakanin gari da gari. In na yi magana, ma'anarta Baba ya ɗaura bel a kan alamar da ta riga ta gudu bai lura ba, ko ma notin daga hannunsa ya fita bai ɗauru ba. Kuma ina iya zama ban yi daidai ba. Jan gari yana iya zama tsatsar ruwan sama kawai. Na yi ta juya maganar da zan faɗa, kowacce na gwada a bakina sai in ga akwatina a bakin titi. Na so a ce akwai wanda zan kira in tambaya. Na duba lambobin da ke wayata, abokan makaranta ne da suka watsu, rabona da yawancinsu tun ranar da muka karɓi sakamako.

Abin da ya zo mini daga ƙarshe daga gida na ɗauko shi. Mahaifiyata in tana son kakana ya canza shawara, ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure. Sai ta zauna ƙasa ta ce ya tuna mata yadda ake yin abu kaza a da, tun tana yarinya ta manta. Yana cikin bayani sai ya ji da kunnensa inda maganarsa ta yau ta saɓa.

Ran Asabar na riga kowa zuwa, ban da Baba. Na gaishe shi, na jira ya gama shan kokonsa. Kafin in buɗe baki mai wayarin ya iso, ga kuma direban ya sauko daga adaidaita, wai ya zo ɗaukar takardun motarsa. Na so in fasa. Amma Litinin saura kwana biyu.

Na ce, "Baba, akwai abin da aka karanta mana a makaranta ban taɓa ganin an yi ba. Wai a da, in inji ba shi da alama ko ta goge, yaya kuke gane fistin na ɗaya ya kai ƙarshen sama?"

Mai wayarin ya ce, "Kai jama'a! Digiri guda, yau ya dawo aji ɗaya."

Baba ya yi murmushi, abin da ban cika gani ba. "Ba a koya muku wannan ba? To me kuka yi shekara biyar kuna yi?" Ya miƙe ya nufi dangar mai abinci, ya zaro karan dawa, ya karye siririn kansa, ya fere shi da wuƙa har ya yi sumul. Ya nufi motar Ringim, don ita ce murfin taiminta yake a buɗe. Wannan na yi lissafinsa tun jiya, kuma har yau in na tuna nakan ji kunya kaɗan. Ya cire fulogi na ɗaya ya zura karan a ramin har ya zauna a kan fistin. Ni duk hankalina yana kan kada ɓawon karan ya gutsure ya faɗa ciki.

Ya miƙo mini sifana. "Juya a hankali. Ka ga yana tasowa? Fistin ne yake turo shi. In ya tsaya, ya ƙi sama ya ƙi ƙasa, to ka kai. A lokacin in ka duba alamarka za ka ga ta..."

Ya sa babban yatsa a jikin karan, ya sunkuya ya dubi giyan. Karan ya tsaya cak. Alamar kuwa saura kusan faɗin yatsa ta kai wurinta.

"Ci gaba," ya ce.

Na ci gaba. Kafin alamar ta hau, karan ya fara nutsewa.

"Koma baya. Sake."

Na sake. Sau uku muka yi. Baba ya zare karan, ya kawo babbar sifana ya ɗora a kan notin. Bai ko sa ƙarfi sosai ba ya kwance. Ya zare fuli, ya cire bel, ya jawo giyan. Ki ɗin ya faɗo a tafin hannunsa, rabinsa ya cinye, ya yi siriri kamar farce, tsagar giyan kuma ta buɗe ta cika da jan gari.

Direban ya ce, "La ilaha illallahu! Oga, wannan ɗan abin ne ya hana ni barci?"

"Shi ne," in ji Baba.

"Kara! Karan dawa! Mun yi sati biyu muna bin kwamfuta, ashe maganin yana jikin danga." Ya juyo wurina yana dariya. "Injiniya, ka sayar da ita ka sayi gona, ka ga ka samu kayan aiki kyauta."

Mai wayarin ya ce, "Wataƙila ya sayar, wataƙila kuma ya jingina."

Na yi dariya tare da su. Baba bai yi ba, bai kuma dube ni ba.

An yi sa'a bakin karanshaf ɗin bai lalace ba. Aka samo giya da ki a wurin masu kayan gwanjo, Baba ya ɗaura, ya ɗaure notin da kansa har sau biyu yana dubawa. Na goge lambar, muka fita gwaji hanyar Kiyawa ni da direban, na'ura a cinyata. Muka je muka dawo wutar ba ta kunnu ba, motar kuma tana ja kamar an sauke mata kaya. Duk hanya labarin Oga yake ba ni, irin bakanikan da yanzu babu su. Na ce haka ne. Wanda ya bar notin bai ɗauru ba, ban sani ba har yau. Motar ta bi hannaye da yawa kafin ta zo mana, kuma ban tambaya ba.

Bayan la'asar, da wurin ya rage mutane, Baba yana wanke hannu da garin sabulu da yashi a gefen randa, ya kira ni. Na je na rusuna. Ya ɗauraye hannunsa, ya laluba aljihu, ya miƙo mini guntun ki ɗin.

Ya ce, "Yaushe ka gani?"

Na ce, "Ban tabbata ba ne, Baba, shi ya sa..."

"Na ce yaushe."

"Jiya."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "Bencin nan ƙafarsa ɗaya tana rawa. Gobe ka sa a buga masa ƙusa." Ya ɗauki butarsa ya tafi.

Labarin kara ya zaga tashar Ringim, ya dawo Dutse da ƙari. Na ji wani yana ba da shi a wurin mai shayi, a nasa har na'urar ta yi hayaƙi. Na ɗan lokaci masu mota in an ce a jona kwamfuta sai su ce a bari Oga ya saurara da kunne tukuna. Ban gyara wa kowa labarin ba, kuma Baba bai sake tayar da maganar ba, ko da mun rage mu biyu. Abin da ya canza kaɗan ne, ban ma tabbata wani ya lura ba: in na fara jero abubuwan da lamba take nufi, yakan bari in kai ƙarshe.

A yammacin ranar na kira mahaifiyata. Na fara ba ta labarin, na kai wajen lugude, sai na ji ba zan iya kai ta inda nake so ba. Ta ce, "To madalla, Allah ya yi albarka. Ka dai ci abinci?" Na ce na ci. Na ajiye ki ɗin a kan tagar ɗakina kusa da buroshin haƙori, yana nan har na bar gidan.

Washegari na sayi ƙusa huɗu a hanya, na ari guduma wurin mai wayarin, na buga wa bencin da kaina. Na zauna na jijjiga shi, bai motsa ba. Da rana aka kawo kwano, suka ce bismilla. Na ce alhamdu lillahi, na zagaya wurin mai abinci, na dawo na zauna ina jiran motar da za ta kunna wuta.